Daga Zunguru Zuwa Leda: Waiwaye Kan Kwalliyar Sallah da Sharar da Take Bari

Wurare biyu ne ke cika maƙil a goman ƙarshe na watan azumi a kowane babban gari na ƙasar Hausa: gidan mai lalle da bolar unguwa. Na farkon kowa ya san da zamansa, don akwai matan da kan kama layi tun da farar safiya, su sha ruwa a can, ba za su ga gida ba sai dare ya raba. Na biyun ba a cika kawo zancensa ba, ana dai toshe hanci a wuce. Amma duk wanda ya yi wayo a farkon shekarun 1980 ya san ba haka abin yake a da ba. Mata sun yi ado a lokacin, ado na kece raini, ba su kashe abin a zo a gani ba, kuma Sallah takan wuce ba ta bar tulin shara a ƙofar gida ba. Arahar nan da ƙarancin sharar ba dace aka yi ba. Tushensu ɗaya, kuma tare suka tafi.

A duba abin da mace ke buƙata don kwalliyar Sallah a wancan zamani. Lalle itace ne da ake dasawa a lambu ko a bakin shinge, a tsinki ganyensa a shanya, a daka a turmi, a tankaɗe. Man shafawa man kaɗe ne, wanda matan karkara ke tsintar 'ya'yansa da damina, su dafa, su shanya, su soya, su niƙa, su yi ta bugu da hannu cikin ruwa har man ya taso sama. A kasuwa curi-curi ake sayar da shi. Sabulun salo da toka da mai ake haɗa shi. Gashi a wanke shi da karkashi, a shafe da man shanu, makitsiya ta zauna ta yarfa shuku ko ta ɗaure doka. Kwalli yana cikin tandu, shi kuwa tandu fata ce aka sarrafa, mace na iya gadonsa daga uwarta. Katambiri na zanen fuska, fure da goro na haƙora, soso yaɗo ne da ke hawa danga, abin goge kaushi dutse ne. A Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, har yau ana samun yawancin waɗannan kaya. Ba ko ɗaya a cikinsu da ke zuwa da abin da za a yar in an gama.

Daren ƙunshi shi ne ya fi nuna yadda tsarin yake. Ana saura kwana biyu ko uku Sallah, bayan an sha ruwa an kintsa, sai a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, a kunna aci-balbal. Lalle mudu guda da aka kwaɓa tun da la'asar a babbar ƙwarya shi zai ishi matan gidan duka, har da 'yan matan maƙwabta da suka tsallako. Wata ta dafe wa wata ƙafa, a rufe da manyan ganyaye, a naɗe da tsumma, a ɗaure tamau. Hannu kuwa a cusa shi cikin zunguru, dogon goran nan da aka fafe domin wannan aiki kaɗai. Daga nan mace ta zama sai an yi mata, ko ruwa sai an ba ta a baki. Na tuna wata 'yar ƙanwarmu, hannu biyu a zunguru, tana ta mutsu-mutsu.

"Ke 'yar nan, zauna wuri ɗaya! In ya caɓe ba mai sake miki."

"To ai Goggo, hancina ne ke ƙaiƙayi."

"Kawo hancin nan in sosa miki, ja'ira."

Da asuba a kwance. Busasshen lallen ya kakkaɓe ya zuba ƙasa, a share shi zuwa juji tare da ganyen. Tsumma a wanke a shanya, zunguru a ɗauraye a rataye a ɗaki, sai wata Sallar ko wani bikin. Jan da ya kama tafin hannu zai yi makonni, na farce kuwa sai farcen ya tsiro ya ture shi. Kuɗin da aka kashe bai wuce na lallen ba, ladan aiki kuwa babu, don wadda ta ɗaura miki yau ke za ki ɗaura mata gobe.

Haka abin yake wajen abinci. Tuwon Sallah da miyar taushe, ko waina, ko funkaso, a kwano ake zubawa, a rufe, a ɗora wa yaro ya kai gidan Baba wane da gidan Inna wance. Kwano ba ya kwana a can. Za a juye, a wanke, a zubo nasu a ciki, a ba ɗan aike tukuici. Kwano ɗaya sai ya zaga gidaje da yawa kafin azahar. Baƙo ya zo, ruwan randa za a ɗebo masa a moɗa. Ƙwarya ta tsage, a jira gyartai ya zo wucewa ya ɗinke ta. Ƙyallen da ya saura wajen tela ya zama rigar 'yar tsana ko cikon matashin kai. Atamfar Sallar bana ta zama zanen zaman gida baɗi, daga nan zanen goyo, daga nan tsumma, kuma shi ne tsumman da ake naɗe ƙafa da shi a daren ƙunshi.

Babbar Sallah ma ba ta bar komai a banza ba. Naman layya a raba, na gida a soya shi cikin kitsensa har ya bushe, a adana ya yi watanni ba firiji. Kayan ciki a fara da su, kai da ƙafa a babbake a yi farfesu. Fata a yi buzun salla, ko ta tafi majema, inda bagaruwa ke jiranta. Sana'ar jima ba ƙaramar sana'a ba ce a ƙasar nan: fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ce ta bi ayarin raƙuma ta ƙetare Sahara, Turawa suka saye ta a hannun 'yan kasuwar arewacin Afirka, suka riƙa kiranta fatar Maroko. Abin da ya rage, wato dattin tumbi da toka da kashin dabbobi da sharar tsakar gida, juji ya nufa, juji kuma dukiya ne. Jakunan da suka shigo birnin Kano da itacen girki, da taki suke komawa ƙauye a cikin mangala. Wannan na cikin dalilan da suka sa gonakin kewayen birnin suka jure noma shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba.

Sai dai kada daɗin tuna baya ya ɗebe mu. Gyartai da ya ci sarauta cewa ya yi ban da tuna baya, kuma yana da hujjarsa. Yawancin wannan tattali rashi ne ya koyar da shi. Arahar da ake magana da ƙarfin mata aka biya ta: su ne masu daka, su ne masu niƙa, su ne masu tsayawa kan tukunyar man kaɗe wuni guda cikin hayaƙi. Kuma ba duk abin gargajiya ne lafiyayye ba. Dutsen kwallin nan mai ƙyalli da ake niƙawa, mafi yawansa dalma ce. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka tarar da dalma ta yi yawa a jininsa. Da aka bi sawu, daga tozalin da ake sa masa ne, wanda sama da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ne. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010, inda yara kusan 400 suka rasu, ba ma buƙatar dogon bayani. Rambaɗa wa jinjiri irin wannan kwalli al'ada ce da ta kamata a bar ta a baya, ko da tandun na kaka ne.

To me ya sauya? Da farko gidan ne ya sauya. Babban gida mai sassa, inda mata goma ke girki a tsakar gida ɗaya, ya ragu. Ma'aurata sun koma haya, ɗaki ciki da falo, ba turmi, ba wurin shanya, ba Goggon da za ta ɗaura ƙunshi. 'Yan mata sun shiga makaranta, mata sun shiga aiki da kasuwanci, abin farin ciki ne, amma lokacin da ake da shi na daka lalle ya tafi. Abin da a da ake yi wa juna, yanzu saye ake yi. A daidai wannan gaɓa leda ta iso. Ta yawaita a kasuwanninmu a shekarun 1980, ruwan leda ya biyo baya a shekarun 1990 lokacin da famfo ya ƙafe a unguwanni da yawa. Kamfanoni suka lura talaka ba ya iya sayen babbar kwalba, sai suka ƙulla masa komai a 'yar ƙaramar leda: man wanke gashi, man shafawa, garin sabulu, madara, tumatir. Kowace ɗaya araha ce a ido. In aka tara na wata guda, sau da yawa ta fi babbar tsada, ga kuma fankon da za a yar kullum.

Ƙunshin kansa ya bi sahu. Leda da safa suka maye gurbin ganye da tsumma. Aka shigo da lallen salatif, inda ake yanka salatif da reza siri-siri a manna a ƙafa don fitar da zane, in an gama a ɓare a watsar. Zanen fulawa ya zo da 'yar ledarsa mai tsini da ake matsawa, yanzu har da na mannawa da ake kawowa daga waje. Ba mai musun kyan waɗannan zane-zane, kuma sana'ar ta rufa wa dubban mata asiri, da ita wasu ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu. Amma a leƙa bayan ƙofar mai lalle a jajibirin Sallah a ga buhun da ta tara. Baƙin lalle kuma, wanda ake so don yana kamawa cikin mintoci, ba daga ganye baƙinsa ya fito ba. Galibi sinadarin rinin gashi ne da ake kira PPD, wanda kan sa wasu fatarsu ta kumbura ta yi ƙuraje masu ruwa, zanen ya koma tabo. Wadda jikinta ya taɓa ƙin sa, ƙin ya zauna ke nan, ko rinin gashi ta shafa daga baya zai iya tayar mata.

Bayan mai lalle ga mai kwalliyar fuska, da gashin ido na kanti, da farcen roba, da audugar gogewa, duk na yini ɗaya, wani lokaci ma na hoto ɗaya da za a ɗora a Instagram. Ga mayukan bilicin da kasuwarsu ke tashi gab da Sallah. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da mayukan sauya launin fata, a 2023 kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Abincin Sallah ya koma robar da ba a dawo da ita, ruwan baƙo ya koma na leda, lemo na gora. Ɗan aike ya miƙa ya juyo, ba jiran a juye, ba zaman gaisawa. Kwanon da ke dawowa shi ke sa a tsaya a tambayi lafiyar mutanen gida. Robar ba ta buƙatar kowa ya tsaya.

Inda sharar ke ƙarewa, mahauta sun fi kowa sani. Ranar layya in an farke tumbin ragon da ya yi kiwon bola, ba mamaki a zaro dunƙulen leda baƙi ƙirin, a cure kamar gammo, har da igiya da guntun buhu a ciki. Dabbar ta yi ta ci ba ta ƙiba, mai ita yana ta sayen dusa, ashe cikin ba wuri. Manomi da ya sayi takin bola sai ya bi gona yana tsince leda, don ba ta ruɓewa a shekara ɗaya ko goma. Ga shi a 'yan shekarun nan Babbar Sallah da damina ta riƙa faɗowa: ƙarshen Yuli a 2020, ƙarshen Yuni a 2023, farkon Yuni a 2025. Jini da dattin tumbi da a da ake binnewa ko a kai juji, yanzu a ƙulle su a leda a jefa kwata. Ruwa ya sauka, kwata ta toshe, ya bi ta cikin gidaje, abin da ya kwanta kuma sauro ya samu wurin haihuwa. In an gaji an cinna wa bolar wuta, hayaƙin robar unguwa duka za ta shaƙa.

Gwamnatoci sun gwada doka. Hukumar birnin Injamena ta tsananta hana leda tun 2010. Nijar ta kafa dokar hana ƙerawa da shigo da ledoji marasa kauri a watan Nuwamban 2014, amma duk wanda ya shiga kasuwar Yamai ko Maraɗi ko Damagaram ya san leda na nan daram. Kenya ta hana a 2017 da hukunci mai tsanani. Jihar Legas ta haramta farar robar zuba abinci mai kama da soso a Janairun 2024. Abin da ke kayar da irin waɗannan dokoki a wurinmu a fili yake. Muddin mutum sai ya sayi mai na cokali da sukari na ƙulli, leda zai nema. Muddin famfo ba ruwa, na leda zai sha. 'Yan jari-bola suna rage wa gari nauyi, suna kwashe ƙarfe da gorar roba da tsofaffin bokitai saboda akwai mai saye. Siririyar baƙar leda da fankon man gashi kuwa ba su da nauyin da zai kawo kuɗi, don haka ba mai sunkuya musu.

Abin mamaki, kayan da muka raina su ne duniya ke rububi. Man kaɗe yana cikin mayuka masu tsada a kantunan Faransa da Amurka. Garin gyaran gashin matan Chadi, cebe, yanzu ta intanet ake odarsa daga ƙasashe masu nisa. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen samar da 'ya'yan kaɗanya, amma an daɗe ana kwashe ɗanyensu a sarrafa a waje, har ta kai a watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen na wata 6 don masana'antun gida su samu abin aiki. A lokaci guda kuma ana sare itacen kaɗanyar ana gawayi, itacen da kan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ya fara 'ya'ya. Mun daɗe muna sayar da ɗanyen 'ya'yan da arha, mu sayo man cikin kwalba da tsada, mu yar da kwalbar.

Yanzu tsadar rayuwa ta soma yin abin da wa'azi kan almubazzaranci bai gama yi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira, dalar da ake canzawa wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a 2024, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar shekarar. Duk kayan kwalliyar da ake shigowa da su sun bi dala. Mai albashi mafi ƙanƙanta na naira 70,000 in ya ce sai matarsa da 'ya'yansa mata sun yi komai a shago, Sallah za ta wuce ta bar wawa da bashi. Shi ya sa ake ganin mata na waiwayar abin da suka bari. Halawar cire gashi sukari ce da lemon tsami da ruwa, a tukunyar gida ake dafa ta. Dilka da humra da turaren wuta, da suka zo mana ta Sudan da Chadi da Barno, mace ɗaya da ta iya za ta haɗa wa gida biyar, kowa ta kawo tsohuwar kwalbarta. Man kaɗe da sabulun salo da kurkum da zuma ba su daina aiki ba don an daina tallarsu.

Ba cewa ake a koma aci-balbal ba, kuma ba kowace mace ke da wunin da za ta ba turmi ba; injin niƙa na nan, garin lalle na nan a kasuwa. Abin da ya cancanci a dawo da shi shi ne haɗin hannun. Mata biyar a layi ɗaya in suka haɗa kuɗi suka sayi lalle da man kaɗe da kayan ƙamshi a dunƙule, sun rage farashi, sun rage ƙulle-ƙulle. In suka kira mai lalle ɗaya gida, ita ta samu aikin wuni ba kuɗin shago, su sun huta da layi. Mai zuwa cefane ya riƙi jaka ko kwando. Abincin maƙwabta ya koma kula da kwano mai murfi, roba a bar ta ga wanda ke nesa. A haƙa rami tun kafin a kayar da rago, fata a sa mata gishiri a ranar kafin ta lalace, ɓawon kayan miya da sauran abinci a ware wa masu kiwo. Ba ɗaya a cikin waɗannan da ke jiran dokar majalisa ko motar shara.

Abu ɗaya ne ba ya jira, wato tsofaffin da suka san aikin. Matan da suka iya gane lalle mai kamu da ido, suka san lokacin da sukarin halawa ya yi, suka san yadda ake soya naman layya ya kai Muharram bai yi ɗoyi ba, kullum raguwa suke, kuma yawancin abin da suka sani ba a rubuce yake ba. Wadda ke da irinsu a dangi ko a unguwa ta je ta zauna, ta kai 'yarta ta gani da ido. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Turaren wuta sai ya kwana biyu a rufe yake kama ƙamshi, humra sai ta tsumu, kuɗin haɗaka sai an bi gida-gida an tara. Mai son kwalliyar Sallah da ba bashi a bayanta, tun watan Sha'aban za ta fara shiri.